Takalmin Da Aka Ciro A Ƙarƙashin Birki

Shafi na 27

Masu damuna da saƙo tun shekaranjiya, ga shi nan. Wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar jini ya tsallake wannan shafin, kada ya zo yana yi min ƙorafi daga baya.

*

Ƙarfe huɗu na yamma, rana ba ta da niyyar sassautawa. Merv Penhall yana cikin layin shiga filin baje kolin dabbobi na Gundiwarra, akwatin ƙanƙara a hannunsa, ƙudaje sun yi masa baƙi a gadon baya. Bai kore su ba.

Matarsa Raelene ta ja gefen rigarsa.

"Merv, mu koma gida."

"Na ji."

"Ka ji ka ƙi. Shekara arba'in da biyar, askin tumaki ya cinye maka baya, ko safa sai na sa maka, yau kai ne za ka yi dambe da ƙarti ashirin?"

"Wa ya ce miki dambe na zo? Waƙa na zo ji."

"Waƙar uwarka."

Ta faɗa kafin ta tuna, sai ta kama bakinta. Sati uku ke nan da binne tsohuwar.

Sati uku ke nan kuma da Merv ya jawo kwalin nan daga ƙarƙashin gadonta, kwalin da 'yan sanda suka kawo gida a 1988, kayan yayansa Lenny, wanda ta ƙi buɗewa har ta mutu. Shekara talatin da ɗaya garin nan yana kan magana ɗaya. Wai Lenny Penhall, makaɗin gangar ƙungiyar Baƙin Kwalta, ya sha ya yi tatul, ya ja motar ƙungiya ya haye kan wata a-kori-kura a kwanar rafi. Ya kashe mace da 'yarta, shi ma ya mutu a kan sitiyari. Mawaƙinsu Rory Gault kaɗai ya fita da rai. Ya ce shi barci yake yi a baya.

A kwalin akwai agogo, akwai sandunan ganga biyu, akwai baƙin takalmin fata mai dogon wuya, ƙafa ɗaya. Na dama. An ɗaura masa 'yar takarda da zare: an ciro shi a maƙale ƙarƙashin birki.

Lamba bakwai.

Lenny kuwa sha uku yake sawa, in ma ya ga damar sawa. Kwale-kwale ake ce masa a garin saboda ƙafa.

A cikin dunduniyar takalmin akwai wani abu da Merv ya ɓanɓaro da wuƙa, ya duba, ya mayar yadda yake. Ya kai wa 'yan sanda, suka ce fayil ya daɗe da rufuwa. Ya kai gidan jarida, aka ba shi shayi aka raka shi ƙofa. Hanya ɗaya ta rage masa, yau ce, ranar da Rory zai yi wasa a filin nan.

Layi ya kawo su bakin ƙofa. Wanda ke tsaye a wurin shi ne mutumin da Raelene ke addu'ar kada su haɗu da shi.

Goran Radich. Shugaban 'yan babur na garin, su aka ba tsaron wasan. Matar da ta mutu a a-kori-kurar nan uwarsa ce, Milka. Yarinyar ƙanwarsa ce, Ana, 'yar shekara shida. Sau biyu Goran yana karya wa Merv hanci, ɗaya a makaranta, ɗaya a mashaya ranar ɗaurin auren Merv ɗin.

"A'a, Penhall. Ashe ana barin irinku fita da rana."

"Sannu da aiki, Goran."

"Ajiye. Buɗe."

Merv ya ajiye akwatin. Goran ya tura hannu cikin ƙanƙara, ya ture gwangwanayen giya, ya ciro ƙullin tawul, ya warware.

"Wannan fa? Na Raelene ne, ko ɗan tsako ka yi wa ƙwace?"

"Na jifa ne."

"Kai? Kai za ka jefa wa Rory takalmi?" Goran ya matso har numfashinsa yana dukan fuskar Merv. "Mutumin nan da kafaɗarsa ya ɗauki akwatin gawar Ana. Kowace shekara furensa yana kan kabarinta. Da ni ne shi, ko sunan yayanka ba zan ƙara kira ba, amma shi har waƙa ya yi wa shegen. Ka yi ko tari mai ƙarfi a gaban dandamalin nan, in cika maka na uku."

Raelene ta ce, "Ka gama wa'azin? Giyarmu tana ɗumi."

Goran ya jefa takalmin cikin akwatin, ya kauce.

*

Sai da suka yi rabin awa suna kutsawa kafin su kai shingen ƙarfe na gaba. Mutum dubu huɗu a filin da aka saba ɗaure shanu. Yawancinsu furfura da tumbi, wasu sun matsa kansu cikin tsofaffin riguna masu hoton ƙungiyar, rigunan da suka dace da su tun kafin su haifi 'ya'yan fari. Ƙamshin naman gashi da albasa ya gauraya da na zufa.

Ƙarfe biyar ganga ta tashi. Jita ta yi wata ƙara da ta sa haƙoran Merv kaɗawa.

Sai ga shi.

Rory Gault, shekara sittin da takwas, gashi baƙi wuluk irin na kwalba, ƙirji a buɗe, sarƙa a wuya. Yana takawa kamar dandamalin gadon ubansa ne.

"Gundiwarraaa! Ashe ba ku mutu ba, tsofaffin banza!"

Filin ya ɗauka.

"Na ga wasu matan nan a 1985, yanzu jikokinsu suka rako su! Ku riƙe haƙoran robarku da kyau, za mu fara!"

Gaskiya a faɗe ta, muryar tana nan. Kamar ana jan buhun tsakuwa a kan kwano, amma tana shiga jiki. Wata tsohuwa a gefen Merv tana tsalle tana kuka. Raelene ma, duk tsoron da ke cikinta, ƙafarta tana buga ƙasa ba ta sani ba.

Merv bai ji ko baiti ɗaya ba. Ƙafafun mutumin yake kallo.

Waƙa goma sha biyu. Rana ta fara yin ja. Sannan Rory ya ɗaga hannu, kiɗa ya yi ƙasa.

"Wannan ta ɗan garinku ce," ya ce, ya sassauta murya. "Ya yi kuskure. Babban kuskure. Amma abokina ne, kuma ni ba na jefar da aboki. Lenny, duk inda kake, na yafe maka."

Wasu suka yi tafi. Wasu suka tofar da yawu. Goran yana ƙasan dandamali, ya juya wa mawaƙin baya, muƙamuƙinsa yana motsi.

Raelene ta lalubo hannun Merv. Ta riƙe.

"Ya yafe masa," in ji Merv. "Kin ji? Shi ne ya yafe."

"Na ji. Yi numfashi."

Aka yi "Hanyar Gida" daga farko har ƙarshe, mutum dubu huɗu suna amshi. Kafin a kai baitin ƙarshe mutane sun fara sunkuyawa suna kwance igiyar takalmi. Kowa ya san al'adar Rory. Da ya gama wannan waƙar sai a yi masa ruwan takalma, ya zaɓi wanda ya fi kowanne tsufa da muni, ya tsiyaya giya a ciki, mai takalmin ya hau su sha tare. Shekara talatin bai taɓa fasawa ba. Wanda takalminsa ya ci kuwa, babu ƙaton da ke da ikon tare shi.

Takalma suka fara tashi. Na masu haƙar ma'adinai masu bakin ƙarfe, na manoma, silifa, har da na wata mata mai tsini.

Merv ya kwance 'yar takardar daga jikin nasa ya ba Raelene.

"Riƙe min."

"Merv…"

"In na faɗi, kin san abin yi."

Ya jira har ruwan ya lafa. Sannan ya yi lilo da hannu a hankali, ya jefa. Takalmin ya faɗi dab da ƙafar Rory.

Rory yana yawo cikin tarin yana shurin wannan, yana shinshina wancan yana toshe hanci, jama'a suna dariya. Ya zo kan baƙin. Fatar ta bushe ta tsattsage, ta yi fari-fari.

"Kai! Wannan daga kabari aka tono shi?"

Ya ɗaga sama. Mai ɗaukar hoto ya matso, takalmin ya cika babban allon talabijin da ke bayan dandamali.

"Na wane matsiyaci ne? Hau nan, mutumina, hau mu sha!"

Merv ya riga ya sa ƙafa a kan shinge. Wani ƙato ya kama kafaɗarsa, jama'a suka yi masa ca.

"Sake shi! Nasa ne!"

"Ƙa'ida ce, ɗan iska, sake shi!"

Ƙaton ya dubi Goran. Goran ya cije leɓe, ya gyaɗa kai.

Lokacin da Merv yake hawa matakala, Rory ya fasa gwangwani ya tsiyaya. Ya fasa na biyu. Kumfa ta taso har bakin takalmin.

"Sha! Sha! Sha!"

Rory ya kai baki. Sai wani abu ya taso daga ƙasan takalmin ya bugi leɓensa.

Ya sauke ya duba.

Guntun katako marar nauyi, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, an sassaƙa shi daidai dunduniya, kaurin yatsa biyu. Yana yawo a kan kumfa. A jikinsa akwai rubutun baduku da ƙarfe mai zafi.

Mai hoto bai san komai ba, aikinsa yake yi. Ya ƙara matsowa. Rubutun ya fito a allo, kowane harafi ya kai tsawon mutum.

R. GAULT. DAMA.

"Sha! Sha! Sha!"

Rory bai sha ba. Fuskarsa ta koma launin toka.

"Sha mana," in ji Merv daga bayansa. "Ai naka ne."

Rory ya juyo. Ya yi ƙoƙarin murmushi, leɓen ya ƙi.

"Abokina… mun san juna?"

"Ka san yayana. Yanzu ka gama yafe masa."

Makirfo yana hannun Rory na hagu. Maganar ta fita ta lasifika har bakin titi. Ihun "sha" ya fara mutuwa daga gaba zuwa baya.

Rory ya ja da baya, ya ɗaga murya.

"Ku zo ku ɗauke min mahaukacin nan! Goran!"

Bai rufe baki ba Merv ya kai masa karo. Goshi a kan hanci. Ƙarar ta fita ta lasifika kamar an taka ƙwai. Rory ya zube kan gwiwa, jini ya wanke sarƙar wuyansa, takalmin ya faɗi giya ta malale.

Ƙarti uku suka hau a guje. Na farko Merv ya tare shi da gwiwar hannu a maƙogwaro. Na biyu ya same shi a kunne, duniya ta yi masa shuu. Kafin ya dawo daidai an ɗaga shi an maka da katakon dandamali.

Goran ne a kansa.

"Na gaya maka."

Naushi.

"Na gaya maka a ƙofa."

Naushi. Hancin ya tafi, na uku ya cika. Merv ya ji haƙori yana yawo a bakinsa.

"Duba… takalmin…"

"Uwata ba ta isa ba? Ana ba ta isa ba? Sai kun zo kun taɓa mutum ɗaya da ya tsaya mana?"

Ya miƙe ya sa ƙafa. Takalmin babur mai bakin ƙarfe a haƙarƙari, sau ɗaya, sau biyu. A na uku wani abu ya ce ƙas a cikin ƙirjin Merv. Numfashi ya ƙi shiga.

A ƙasa fili ya rikice. Masu askin tumaki abokan Merv sun tsallake shinge, 'yan babur sun tare su, gwangwanaye suna tashi, kujerun roba suna karyewa a kan kawuna. Tsohuwar nan mai kuka tana dukan wani ƙato da jakarta.

Goran ya ɗaga ƙafa zai yi na huɗu, sai cikakken gwangwanin giya ya fashe a ƙeyarsa.

Ya juyo a fusace. Raelene ce, takalminta ɗaya ya fita, gashi a wargaje. Yadda aka yi ta hau, har yau babu wanda ya sani.

"Doke ni," ta ce. "Doke ni, jarumi. Amma ka iya karatu ko? Ko babur ya cinye wannan ma?"

Ta manna masa 'yar takardar a ƙirji. Da ɗaya hannun ta tsinci guntun katakon daga ƙasa, ta tura masa har yana taɓa hancinsa.

"Kauce, Raelene."

"Karanta! Tambarin 'yan sanda ne, kwanan watan ka fi kowa saninsa. A ina aka ciro shi?"

Idon Goran ya sauka kan takardar ba da son ransa ba.

"Faɗi da ƙarfi!"

"…Ƙarƙashin birki."

"Sunan wa ke jikin wannan?"

Goran ya dubi rubutun, ya dubi Rory.

"Ɗazu a ƙofa ka riƙe shi da hannunka, ka ce na ɗan tsako ne. To gaya min, me garin nan yake kiran Lenny?"



Daga cikin jama'a wani tsoho ya ɗaga murya. "Kwale-kwale!"

Wani ma ya ce, "Kwale-kwale! Ko a coci ba ya sa takalmi!"

Rory yana rarrafe yana neman bayan dandamali, hannu ɗaya a hanci.

"Aro ya yi," yake cewa cikin jini. "Aron takalmina ya yi ranar… ƙarya suke, Goran, ka san ni…"

Manajansa yana gefe yana yi wa mai kula da na'ura ihu ya kashe lasifika. Mai na'urar ɗan garin ne. Ya harɗe hannuwa a ƙirji ya kalli sama.

Merv ya mirgina. Kowane numfashi kamar ana soka masa wuƙa. Amma shekara ashirin da bakwai yana kayar da raguna masu ƙaho, ɗari da hamsin a yini, hannunsa ya san aikin ko da kansa ba ya aiki. Ya cafko Rory ta haɓa, ya murɗe wuyan gefe, ya danna ƙugu. Rory ya juye ya zauna daɓas a kan ɗuwawu, ƙafafu a sama. Merv ya matse shi tsakanin gwiwoyi yadda ake matse rago za a yi masa aski.

"Sake ni! Ka san ko ni wane ne?"

"Yau kowa zai sani."

Ya kama takalmin da ke ƙafar Rory ta dama, sabo fil mai ƙyalli, ya fizge. Ya kifa shi ya buga da ƙasa.

Guntun katako ya faɗo. Irin wancan sak, kaurin yatsa biyu.

Mai hoto ya haska.

Wata mata a gaba ta ce, "Laa, ashe gajere ne," wani ya yi dariya, dariyar ta mutu ita kaɗai.

Goran ya sunkuya ya ɗauki tsohon takalmin, giya tana ɗiga. Ya zo ya durƙusa gaban Rory. Muryarsa ta yi sanyi, irin sanyin da ya fi ihu ban tsoro.

"Miƙo ƙafar."

"Goran, ɗana, ni na ɗauki Ana a kafaɗata…"

"Miƙo."

Rory ya noƙe. Goran ya kama idon sawun ya murɗa har Rory ya yi ƙara, ya cusa ƙafar. Busasshiyar fata ta yi ƙara kaɗan.

Ta shige. Kamar jiya aka auna.

Duk filin ya tsaya. Masu dambe a ƙasa sun tsaya da rigunan juna a hannu. Har injin wuta da ke bayan rumfar shanu ana jin ƙararsa.

Goran ya daɗe a durƙushe yana kallon ƙafar.

"Shekara talatin da ɗaya," ya ce. "Kowace shekara ina rubuta maka kati ina gode maka fure."

Ya miƙe.

Mai jita ya yi kuskuren shiga tsakani. "Ɗan'uwa, tsaya, a kira 'yan sanda…" Goran ya ɗauke shi da jitarsa ya wurga cikin ganguna. Farantan ƙarfe na kiɗa suka watse, ganga ɗaya ta gangara ta faɗa cikin jama'a. Ɗaya daga cikin yaran Goran ya riƙe masa hannu, ya sha gwiwa a ciki ya naɗe.

Goran ya kama sandar makirfo. Ya juya ta, gindin ya koma sama. Baƙin ƙarfe ne zagayayye, nauyinsa ya isa fasa kan bijimi.

Merv ya ga abin da ke zuwa. Ya ga wani abu kuma. In ƙarfen nan ya sauka yanzu, gobe jaridu za su ce ɗan babur ya kashe dattijon mawaƙi a kan takalmi. Za a ce aro ne. Za a yi wa Rory mutum-mutumi. Lenny kuwa ya ci gaba da zama mashayin da ya kashe yarinya har abada. Gawa ba ta ba da shaida.

Ya saki Rory ya faɗa kansa, ya rufe shi da jikinsa.

"Merv!" Raelene ta ƙwalla ƙara. "Ka haukace?"

"Tashi, Penhall," in ji Goran.

"A'a."

"Ba da kai nake ba. Yau kam ba da kai nake ba. Tashi."

"Sai ya faɗa da bakinsa." Merv ya tofar da jini da haƙori. "Uwata ta mutu tana sayayya a garin da ke da nisan awa biyu don kada ta haɗu da ku. Ubana ya mutu ba wanda ya zauna kusa da shi a mashaya. Sai ya faɗa, kowa ya ji. In kana son kansa kafin nan, ka bi ta nawa."

Ƙarfen yana sama a hannun Goran.

Merv ya laluba ya jawo makirfon da ya faɗi, ya cusa a bakin Rory har ya bugi haƙori.

"Wa ke tuƙi?"

Rory yana kuka, majina da jini, baƙin rinin gashinsa yana gangarowa da zufa.

"Ka ga ƙarfen can? Ni kaɗai ne tsakaninka da shi, kuma haƙarƙarina ya karye, ba zan daɗe ba. Wa ke tuƙi?"

"…Ni."

"Ba su ji ba."

"Ni ne! Ni nake tuƙi!"

Lasifika ta kai ta har bakin titi.

"Lenny fa?"

"Bai sha ba. Ranar ko kurɓa bai yi ba. Sau uku yana cewa in ba shi makulli, na ƙi… yana gefena, yana ce min in rage gudu…"

Merv ya rufe ido. Ya ji wani abu da ya daɗe a kan ƙirjinsa ya ɗaga, duk da karyayyen ƙashi. A ƙasa tsohon nan da ya fara kiran Kwale-kwale ya cire hularsa. Na kusa da shi ma ya cire. Haka aka yi ta cirewa har baya.

Raelene tana kuka. "Shi ke nan, Merv. Sun ji. Kowa ya ji. Riƙe shi har 'yan sanda su iso."

Daga nesa jiniya ta fara tasowa ta hanyar gari.

"Sauke, Goran," in ji Merv. "Bari ya tsufa a kurkuku. Kada ka ba shi mutuwar jarumi."

Ƙarfen ya fara yin ƙasa a hankali.

Da Rory ya yi shiru a nan, da an tsaya a nan. Amma bakin da ya shekara talatin da ɗaya a ɗinke, in ya ɓalle ba ya tsayawa inda ake so. Ya ƙanƙame rigar Merv, makirfo yana nan a bakinsa.

"Ban yi niyya ba… tsoro na ji… faifanmu zai fito a satin… na jawo shi ne kawai zuwa kujerar direba, nauyi gare shi, sai ihu yake…"

Merv ya buɗe ido.

"Me ka ce?"

Rory ya kama bakinsa. Ya makara.

"Wa ke ihu?"

"Ba… ban ce…"

"Ka ce wa uwata nan take ya mutu. A falonmu, kana riƙe da hannunta. Ka ce bai ji komai ba."

"Merv," in ji Raelene. "Merv, dube ni."

Bai dube ta ba. Ya shaƙo wuyan Rory ya ɗago shi har hancinsu ya kusa haɗuwa.

"Da ransa ka ja shi?"

"Bayansa ne ya karye… yana ce min kada in motsa shi… ya ce in tari mota, akwai gidan gona kusa… na zauna a bakin hanya na jira."

"Ka jira me?"

Rory ya yi ƙoƙarin kawar da fuska, Merv ya girgiza shi.

"KA JIRA ME?"

"…Ya yi shiru. Su duka su yi shiru."

Su duka.

Goran ya yi wani sauti da ba na mutum ba.

"Ana," ya ce. "Ana ma tana…?"

Rory ya sunkuyar da kai.

Ƙarfen ya koma sama.

Jiniya ta iso ƙofar fili. Raelene tana kiran sunan mijinta, tana jan ƙafarsa, tana cewa ya tsaya inda yake, minti ɗaya kawai, don Allah minti ɗaya.

Merv ya dubi mutumin da ke ƙarƙashinsa. Ya dubi tsohon takalmin a ƙafarsa. Ya ɗaga kai ya dubi Goran, karo na farko a rayuwarsu idanunsu suka haɗu babu gaba a ciki.

Sai ya saki wuyan rigar.

Ya dafa ƙasa, ya fara janye jikinsa gefe.